Tarihin kallon ƙwallo a tsaye

Masu sha'awar ƙwallon ƙafa a Gusau da Tsafe da Bungudu kan tuna shekarun 2000, lokacin da ƙungiyar Zamfara United ke buga gasar Firimiya ta Najeriya a filin wasa na tunawa da Sardauna da ke Gusau.

A filayen wasan ƙasar, masu ƙaramin ƙarfi kan yanki tikiti mai rahusa, su tsaya cikin rana ana kiɗa da kirari har a tashi.

Sai dai kallo a tsaye yana da haɗarinsa.

A ranar 15 ga watan Afrilun 1989, turmutsutsu a filin Hillsborough na birnin Sheffield a Ingila ya yi sanadin mutuwar magoya bayan Liverpool 97.

Rahoton Mai shari'a Taylor na 1990 ya sa aka tilasta wa manyan ƙungiyoyin Ingila sanya kujeru a ko'ina cikin filayensu daga 1994.

A shekarar 2022 aka sake amincewa da tsayuwa, bisa sharaɗin kowane layi ya kasance da shingen ƙarfe, kowane ɗan kallo kuma da gurbinsa.