Haƙƙin Mara Lafiya da Nauyin da Ke Kansa a Wurin Likitan Iyali

Likitan iyali shi ne wanda yake duba kowa a gida: jariri, mai juna biyu, magidanci da tsohuwa. Shi muke fara gani kafin a tura mu wurin likitan ido, na ƙashi ko na zuciya. Da yawa cikinmu mukan shiga ofishinsa kamar masu roƙon alfarma, mu karɓi takardar magani mu fita ba tambaya. Amma dokar Najeriya ta ba mara lafiya haƙƙoƙi. Suna cikin Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, da kuma Kundin Haƙƙin Marasa Lafiya wanda mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar a 2018.

Bayani da amincewa

Sashe na 23 na dokar ya wajabta wa likita ya gaya mana halin da lafiyarmu take ciki, hanyoyin gwaji da na magani da ake da su, amfaninsu, haɗarinsu da kuɗin da za su ci. Dole ne bayanin ya zo cikin harshen da muke ji. Idan Turanci ya yi wa mahaifiyarmu nauyi, neman a yi mata bayani da Hausa ba rashin kunya ba ne.

Muna kuma da ikon ƙin magani, bayan an bayyana mana abin da zai biyo baya. Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan a 2001 ga baligi mai cikakken hankali. Yara kuwa dabam ne: a 2019 kotun ta nuna cewa ƙin amincewar iyaye ba zai hana a ceci ran ƙaramin yaro ba.

A halin gaggawa, sashe na 20 ya hana a kori mara lafiya bisa kowane dalili. Hukuncin wanda ya saɓa shi ne tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun.

Riƙon sirri

Nan ya kamata mu daɗe, domin likitan iyali yakan san miji da mata da suruka duka. Sashe na 26 ya ce duk abin da ya shafi lafiyar mutum sirri ne. Ba a fitar da shi sai da rubutacciyar yardarsa, ko umarnin kotu ko na wata doka, ko kuwa in ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Iyayen ƙaramin yaro da waliyyin wanda ba ya cikin hayyacinsa suna iya neman bayani. Saboda haka miji ba shi da ikon tilasta wa likita ya faɗa masa sakamakon gwajin matarsa, ko da shi ya biya kuɗin. Haka ma fasto ko dattijon ikilisiya.

Wannan ya shafe mu a majami'a. Sau da yawa sirrin da likita ya riƙe, a lokacin roƙon addu'a yake fita. A ambaci sunan 'yar'uwa da sunan cutarta gaban taro da kyakkyawar niyya, kafin yamma labari ya zagaye unguwa. Idan cutar irin wadda ake ƙyama ce, kamar ƙanjamau ko taɓin hankali, aure da sana'a na iya lalacewa. A ganinmu, a tambayi mai ciwon tukuna abin da yake so a faɗa. Ma'aikatan jinya da ke cikin ikilisiya su ma su tuna cewa abin da suka gani a wurin aiki ba na hirar zumuntar mata ko ta maza ba ne.

Abin da ke kanmu

Sirrin nan an kafa shi ne domin mu iya faɗin gaskiya. Likita ba ya duba, da abin da muka gaya masa yake aiki. Mu faɗi jiƙon da muka sha, ƙwayoyin da muka saya a kemis, giya ko taba in akwai, da maganin da jikinmu ba ya so. Mace ta faɗa in tana zaton tana da ciki. Wasu magungunan in suka haɗu sukan cuci ƙoda ko hanta, kuma wanda aka ɓoye wa ba zai iya kiyayewa ba.

Mu sha magani yadda aka tsara. Na tarin fuka yakan ɗauki aƙalla wata 6, kuma yanke shi don an ji sauƙi yana sa cutar ta dawo da taurin kai. Hawan jini ba ya yawan nuna alama, shi ya sa mutane suke ajiye ƙwayarsa har shanyewar ɓarin jiki ta same su. Mai ciwon suga da ke son shiga azumi da addu'a ya fara shawara da likitansa. Wanda kuma ya gaskata ya warke, ya koma a gwada shi kafin ya ajiye magani.

Sauran a bayyane suke: zuwa a ranar da aka sa, riƙe katin asibiti, biyan kuɗin da aka yi yarjejeniya a kai tare da karɓar rasit. Ladabi ma yana cikin doka, gama sashe na 21 ya ba ma'aikacin lafiya damar ƙin duba wanda ya zage shi ko ya kai masa hannu, in ba mai taɓin hankali ba ne.

Idan an tauye mana haƙƙi

Sashe na 30 ya ba kowa ikon kai ƙara a kan yadda aka bi da shi, a kuma bincika. A fara da shugaban asibitin, a rubuce, da kwanan wata da abin da ya faru, a ajiye kwafi. In ba a sami biyan bukata ba, sai ma'aikatar lafiya ta jiha. Ƙorafi a kan sakacin likita ana kai shi majalisar da ke ba likitoci lasisi, wato MDCN, wadda ke da ikon dakatar da likita ko soke sunansa daga rajista. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ita ma tana karɓar koken marasa lafiya.