Kulocin kamfani ko na kasuwa: wanne ya fi ƙarko a motar da aka ƙara wa ƙarfi?

Kuloci shi ne mahaɗin inji da giya a motar da direba ke sauya giyarta da hannu. Ya ƙunshi faifai mai kamawa, da farantin da ke matse shi a jikin ƙarfen da inji ke juyawa, da kuma boris ɗin da ke saki idan an taka. Ƙarkonsa ya dogara ne da ƙarfin juyin da aka ƙera shi ya ɗauka.

Akasarin kamfanonin mota ba sa ƙera kulocinsu da kansu. Suna saye ne daga LuK da Sachs na Jamus, da Valeo na Faransa, da Exedy da Aisin na Japan. Wasu daga cikinsu, kamar Sachs da Exedy, suna kuma sayar da kulocin tsere a kasuwa, tare da kamfanoni irin su ACT da SPEC na Amurka.

Kulocin kamfani yana da laushin taki, ba ya ƙara, kuma yakan daɗe muddin inji na nan yadda aka ƙera shi. Matsalar tana tasowa ne idan aka sauya lissafin kwamfutar mota. Misali, Volkswagen Golf GTI zubi na bakwai ta fito da ƙarfin juyi na mita-Newton 350, amma sauyin kwamfuta kaɗai yakan haura da shi 400. Daga nan faifan yakan fara zamewa, musamman a manyan giyoyi, har ya ƙone.

Kulocin kasuwa yana magance hakan ta hanyar ƙara matsi, ko amfani da faifan yumɓu da ƙarfe, ko haɗa faifai biyu. Sai dai kowanne da nasa farashin. Faifan yumɓu yana jure zafi, amma yana fizgar mota a cunkoso, yana kuma cin ƙarfen da yake gogawa. Matsi mai tsanani yana wahalar da famfon kuloci da boris ɗin sandar inji. Haka nan, cire ƙarfe mai ɓari biyu, wanda LuK ya fara ƙerawa a 1985 domin shanye girgiza, yana tura girgizar zuwa giya.

Lakabin "mataki na ɗaya" ko "na uku" da ake gani a kwali ba shi da ma'auni guda. Kowane kamfani da nasa. Abin dubawa shi ne adadin ƙarfin juyin da aka rubuta. Masu ƙerawa da dama suna kuma buƙatar a lallaɓa sabon kuloci na kimanin kilomita 800 kafin a matsa masa.

Akwai kuma batun haƙƙin mai saye. A Amurka, dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke garanti don kawai an sa kayan kasuwa, amma yana iya ƙin gyara ɓarnar da kayan suka jawo.

Saboda haka, inji na asali ya fi zama lafiya da kulocin kamfani. Wanda aka ƙara wa ƙarfi kuwa yana buƙatar kulocin da ya ɗan zarce ƙarfinsa, wanda ya dace da irin tuƙin da ake yi, kuma ƙwararren makanike ya ɗaura shi.