Yadda niƙan dutse ya bar tsakar gida a ƙasar Anka

A 2010 ne likitocin MSF suka tarar yara na ta mutuwa a Dareta da Abare ta Anka, da 'Yargalma ta Bukkuyum. Gubar dalma ce. Duwatsun zinaren da ake dakawa a tsakar gida, wani sa'in har da turmin hatsi, su ke tayar da ƙurar da yara ke shaƙa suna lasa. Kimanin yara 400 suka rasu.

Gwamnati ta hana haƙa, amma wanda zinare ke ciyar da shi ina zai ji? Sai da sarakuna suka sa baki aka mayar da niƙa bayan gari, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Bagega kuwa sai 2013, bayan doguwar jiran kuɗin Abuja.