Daga Sifawa zuwa Hubbare: Yadda 'Yan Taru Suka Kafu, Suka Yaɗu

Matafiyin da ya bar Sakkwato ya yi kudu, ya bi ta Boɗinga zuwa Shagari da Tambuwal, yana ratsa ƙasar da ta riƙe Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kimanin shekara biyar. A Sifawa, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, Shehu ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815, bayan Alƙalawa ta faɗi a 1808 kuma ƙurar yaƙi ta ɗan lafa. Ƙanensa Malam Abdullahi ya kafa nasa gidan a Boɗinga, kusa da shi. A 1812 Shehu ya raba ɗawainiyar mulki, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga Abdullahi, shi kuma ya koma ga abin da ransa ya fi so, wato karantarwa da rubutu. Wannan kowa ya san shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a farkon wannan zaman ne aka haifa wa Shehu 'ya mai suna Maryam, wadda daga baya za ta riƙe ragamar ƙungiyar ilimin mata mafi daɗewa a ƙasar Hausa, wato 'Yan Taru.

Domin a gane girman aikin 'Yan Taru, a dubi ƙasashen Larabawa, inda aka raba aikin wayar da kan mata tsakanin hukumomi daban-daban. Tarayyar gidajen rediyo da talabijin nasu an kafa ta a Khartum a 1969. Cibiyar horo da bincike kan matan Larabawa, wadda ake kira Kausar, ta buɗe a Tunis a 1993. Ƙungiyar Matan Larabawa kuma ta fara aiki a Alƙahira a 2003, ƙarƙashin inuwar Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa. Ɗaya na yaɗa labari, ɗaya na bincike da horo, ɗaya na neman haƙƙi. 'Yan Taru sun haɗa ukun nan a hannu ɗaya fiye da shekara ɗari kafin a haifi ko guda daga cikinsu, ba ofis, ba albashi, ba tallafin wata ƙasa.

Tushen abin ya girmi ƙungiyar. Tun Shehu yana yawon wa'azi a ƙasar Zamfara a shekarun 1780, mata suna halartar majalisinsa, a gefensu daban. Wani malami ɗan Barno, Mustafa Gwani, ya aiko da waƙa yana sukar hakan. Shehu ya sa Abdullahi ya amsa, kuma hujjar amsar ita ce: barin mata cikin jahilci har ba su san abin da Allah Ya wajabta musu ba ya fi fitowarsu wurin karatu muni. Abdullahi ya adana wannan musayar a littafinsa Tazyinul Waraƙati, wanda ya tsara a 1813, a shekarun zamansa na Boɗinga. Shehu da kansa, a Nurul Albabi, ya yi kaca-kaca da malaman da ke tara ɗalibai a zaure don neman suna, alhali matansu da 'ya'yansu mata a cikin gida ba su san hukuncin alwala da salla ba. Ke nan ba wani baƙon ra'ayi 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta kafa 'Yan Taru, ta zo da shi ba. Abin da ta ƙara shi ne tsari, kuma tsari ne yake sa magana mai kyau ta rayu bayan mai faɗinta.

An haifi Asma'u a Ɗagel wajen 1793, tagwaye ita da Hassan. Tana 'yar shekara goma da 'yan kai aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta taka hanyoyin gudun hijira da ƙafarta, ta ga yunwa da annoba da gawawwaki. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, wanda ya zama Wazirin Sakkwato. Ta haddace Alƙur'ani, tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin Azbinanci. Bayan rasuwar Shehu a 1817 tana cikin waɗanda suka tattara rubuce-rubucensa suka adana.

Matsalar da ta tarar babba ce, kuma bai kamata a lulluɓe ta ba. Yaƙe-yaƙen jihadi sun cika gidaje da rinji da matan da aka kamo, Gobirawa da Kabawa da sauransu, an raba su da garuruwansu da danginsu. Ga zawarawan da mazansu suka faɗi a fagen fama. Ga matan ƙauye da na ruga waɗanda ba malamin da ke kai musu. Mace idan ɗanta ya kwanta ciwo, ko kishi ya dame ta, ko haihuwa ta ƙi zuwa, wurin 'yan bori take nufa, domin su ne ke da amsa a kusa. A Gobir shugabar bori ita ce Inna, mace mai sarauta daga gidan sarki, mai faɗa a ji. Malamai suna iya haramta bori a littafi, amma littafi na Larabci ba ya shiga ɗakin matar da ba ta san baƙi ba.

Daga ƙarshen shekarun 1830, musamman bayan yaƙin Gawakuke na 1836 da rasuwar Bello a 1837, Asma'u ta shimfiɗa hanyarta. A kowane gari da ya shiga, ana zaɓen mace dattijuwa, mai hankali da riƙon amana, wadda mutanen garin suka yarda da ita. Ita ce jaji. Asma'u ce ke naɗa ta da hannunta: ta ɗora mata malfa, ta naɗe malfar da jan ƙyalle. Masu nazarin wannan tarihi sun lura cewa malfa tana cikin alamun sarautar Innar Gobir, don haka matar ƙauye da ta hango jaji tafe ta san shugaba ce ke zuwa tun kafin a buɗe baki. A ganina wannan na cikin manyan hikimomin Nana. Ba ta ce wa matan su watsar da duk abin da idonsu ya saba girmamawa ba. Ta ɗauki alamar, ta sauya abin da ke ƙarƙashinta.

Sai kuma zaɓen masu tafiya. Matar aure mai goyo da girki ba ta barin gida. Waɗanda ke bin jaji zuwa Sakkwato 'yan mata ne da ba su kai aure ba, da tsofaffin da suka gama haihuwa. Da haka bakin mai gida ya mutu, domin ba a taɓa masa kulle ba, ilimin kuma ya shigo har tsakar gidansa ta hannun uwarsa ko 'yarsa. Yawanci bayan an kawar da amfanin gona ake tashi. Jaji a gaba, ayari a baya, a ƙafa, kai ɗauke da ƙwarya da ƙunshi: hatsi, man shanu, zuma, zare ko ƙyalle, sadakar da matan da aka bari a gida suka bayar. In sun iso, su ziyarci Hubbaren Shehu, su sauka wurin Asma'u. Ita kuma ta saurari matsalolin da suka ɗauko, ta ba da fatawa, ta koyar, ta rarraba sadakar ga mabukata.

Abin da suke komawa da shi waƙa ce. Nan ne 'Yan Taru suka zama kafar yaɗa labarai ta zamaninsu. Takarda tana da tsada, kuma kaɗan ne ke iya karanta ta, amma waƙa ana ɗaukarta a ka, a rera ta wurin daka da kaɗi da tsefe. Asma'u ta san haka, sai ta mayar da manhajarta baitoci. Akwai wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani cikin 'yan baitoci kaɗan, domin mai koyo ta riƙe su a jere. Akwai Tawassuli ga Mata Masu Albarka, wadda ta gina a kan wani littafin nasiha na Bello, ta ambaci matan Annabi da 'ya'yansa da waliyyai mata irin su Rabi'atul Adawiyya, sannan ta haɗa da matan jama'ar Shehu da masu sauraro suka sani ido da ido. Akwai Godaben Gaskiya kan tauhidi da sakamakon lahira, da Waƙar Gewaye mai ba da tarihin hijira da yaƙe-yaƙe zango-zango. Da yawa ta fara yin su da Fulatanci, sannan aka mayar da su Hausa, harshen mafi yawan matan da ake nufi. Ƙanenta Isa, autan Shehu, ya yi aiki sosai a wannan fassarar.

Jaji da ta dawo gida ba waƙa kaɗai take rerawa ba. Ita ke koya wa mata alwala da salla da hukuncin jini da wanka. 'Yan Taru ne ke wankan gawar mace yadda shari'a ta tsara, su zauna da mai naƙuda, su duba marar lafiya da maraya, su share masallaci, su sasanta kishiyoyi ko mata da miji kafin magana ta kai gaban alƙali. Mace da ta san abin da addini ya ba ta na sadaki da gado da ciyarwa, ba a cika taka ta yadda ake taka wadda ba ta sani ba. Wannan shi ne neman haƙƙi irin nasu.

Asma'u ba ta ɗauki jajoji a matsayin 'yan aike ba. Da wata jaji mai suna Hauwa'u ta rasu a ƙarshen shekarun 1850, ta yi mata marsiyya, ta yabe ta da cewa ba damina, ba bazara, ba hunturu, kullum tana bisa hanya tana kawo mata ɗalibai. 'Yar Shehu, matar Waziri, wadda ta yi wa sarakunan Musulmi marsiyya, ta yi wa matar ƙauye irinta. Ina ganin wannan girmamawar ce ta riƙe ƙungiyar fiye da kowace doka.

Da Asma'u ta rasu a 1864, aikin ya koma hannun Maryam, 'yar zamanin Sifawa. Ta zauna a Kano tana auren Sarki Ibrahim Dabo, bayan rasuwarsa a 1846 ta dawo gida da sanin mulki da mutane. Bayan Maryam sai Ta Modi, haka shugabancin ya ci gaba a hannun matan gidan Shehu, kusa da Hubbare. Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, amma ayarin mata bai daina zuwa ba.

Sai dai zamani ya bar su a gefe. Da Turawa suka fara buɗe makarantun 'yan mata a Arewa a shekarun 1930, sun fara ne kamar babu komai a ƙasa, ba su nemi jajoji ba. Ƙungiyar ma tana da nata rauni, kuma ƙaunarta ba za ta hana a faɗe shi ba. Ta dogara da hadda fiye da alƙalami, don haka mata da yawa sun riƙe baitoci masu yawa ba tare da sun iya rubuta wasiƙa ba. Ba ta ajiye rajistar garuruwa da sunayen jajoji ba, shi ya sa duk tsohuwar da ta rasu takan tafi da wani yanki na tarihin.

Fito da labarin ga duniya ya zo ta hannun mutane kaɗan. Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda ya fito daga tsatson Asma'u da Giɗaɗo, shi ya adana takardunta, ya kuma buɗe su ga Jean Boyd, malamar makaranta 'yar Ingila da ta shafe shekaru masu yawa a Sakkwato. Ƙasar Shagari ma tana da hannu: Alhaji Shehu Shagari, tsohon malamin makaranta, shi da Boyd suka wallafa littafi kan shugabancin Shehu Usmanu a 1978, shekara guda kafin ya zama shugaban ƙasa. Shagari kansa tun yana malami ya bi irin hanyar Nana, ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su haddace labarin ƙasarsu. Boyd ta fitar da tarihin Asma'u a 1989, sannan a 1997 ita da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta. A gida kuma, Sa'adiya Omar ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta bi 'Yan Taru na wannan zamani, ta rubuta tsarinsu da waƙoƙinsu da Hausa.

Reshe ya fita ta wasu wurare. Tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Nijeriya, FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985 da Hajiya A'isha Lemu a matsayin Amira ta farko, tana buɗe makarantu da asibitoci da azuzuwan yaƙi da jahilci, kuma matanta na Arewa suna kallon Nana a matsayin uwa. Makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai mata masu sunanta suna da yawa. Har a Amurka, wasu Musulmi baƙaƙen fata masu bin koyarwar Shehu sun kafa da'irar karatun mata da sunan 'Yan Taru.

Amma sa wa gini suna ya fi riƙe aiki sauƙi. Yau Jihar Sakkwato tana cikin jihohin da 'yan mata suka fi rashin zuwa makaranta, kuma ƙauyukan Boɗinga da Shagari ba su tsira daga wannan ba. Yarinya tana talla, ana yi mata aure, karatu ya yanke. Nana ta fuskanci irin wannan katangar, ba ta jira matan su zo aji ba, ta aika musu malama daga cikinsu wadda mazansu ba za su iya kora ba.

Kira na ga hakimai da shugabannin ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari, da malaman Islamiyya na Sifawa da Danchadi da Dandin Mahe da Kajiji: a nemi tsofaffin matan da har yanzu suke riƙe da waɗannan waƙoƙi, a naɗi muryoyinsu tun suna da rai, a rubuta sunayen waɗanda suka koya musu. Gidan Rediyon Rima ya ba su fili ko sau ɗaya a mako. Kowace unguwa kuma ta zaɓi dattijuwa guda da aka yarda da ita, a horar da ita karatu da rubutu da kiwon lafiyar mai ciki, a ba ta izinin shiga gidaje ta koyar da matan aure da aka cire daga makaranta.