Idan Musayar Fayil Ta Tsaya: Abin da Za Ku Duba a Akwatin Wifi

A Damagaram, mutane da yawa suna musayar darussan karatu, littattafai da bidiyon koyon sana'a kai tsaye daga na'ura zuwa na'ura. Idan suna wuri ɗaya, sukan yi amfani da manhaja irin su Xender. Idan suna nesa da juna, akwai tsarin BitTorrent, wanda Bram Cohen ya ƙirƙiro a shekarar 2001, inda kowane mai fayil yake ba sauran wani yanki nasa. Wani lokaci na'urarku takan yi ta jira, daga baya ta ce wa'adin jira ya ƙare. Ma'anarsa ita ce ta yi sallama, ba a amsa ba. Kafin ku biya mai gyara ko ku sayi sabuwar na'ura, ku fahimci dalilin.

Me ya sa ba a amsawa?

Akwatin wifi na gida, wanda masu gyara ke kira ruta ko modem, kamar mai tsaron zaure yake. Duk na'urorin gidan suna fita intanet da adireshi ɗaya, wato nasa. Idan wayarku ta yi aike, yakan bar amsa ta shigo. Amma baƙon da ba a aika a kira shi ba, a waje yake tsayawa. A musayar fayil kuwa, dole ɗaya daga cikin na'urorin biyu ta karɓi baƙo. Idan ƙofofin biyu duk a rufe suke, haɗuwa takan yi wuya.

Matakan dubawa

Ku fara da abin da ya fi kusa, ku bi su ɗaya bayan ɗaya.

1. Ku buɗe wani shafi na intanet. Idan bai buɗe ba, ku duba ko kuɗin intanet ɗinku ya ƙare, ko layin kamfanin ne ya yi rauni.

2. Ku kashe akwatin, ku jira minti 1, ku kunna. Bayan ɗaukewar wuta ma, ku ba shi minti 2 ko 3 ya daidaita.

3. Ku duba mazauninsa. Katanga mai kauri, irin ta gidajen ƙasa na unguwar Birni, da ƙofar ƙarfe suna rage ƙarfin wifi. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, don haka ku ajiye shi a inuwa, inda iska ke ratsawa, kada ku rufe shi da zane.

4. Idan na'urorin biyu suna gida ɗaya, ku tabbatar suna kan wifi ɗaya. Wifi na baƙi yakan hana na'urori ganin juna. Ku kashe VPN da tsarin tattalin batir, domin yakan dakatar da manhaja idan fuskar waya ta mutu.

5. Idan ɗaya na'urar tana nesa, ku shiga shafin saitin akwatin. Adireshinsa yana rubuce a jikinsa, misali 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Ku kunna UPnP, wanda ke ba manhaja damar buɗe wa kanta ƙofa, sannan ku kunna shi a cikin manhajar.

6. Ku duba ko akwai mai fayil ɗin a kan layi. Idan duk sun kashe na'urorinsu, babu abin da zai sauko.

Idan an yi duk wannan, bai yi ba fa?

Akwatunan da ke aiki da katin SIM suna samun intanet ne daga kamfanonin waya, irin su Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecoms. A ko'ina cikin duniya, kamfanonin waya sukan haɗa gidaje masu yawa a kan adireshi ɗaya, wato akwai wani zauren a gaban naku, kuma mabuɗinsa ba ya hannunku. Za ku gane haka a shafin saitin: idan adireshin akwatinku na waje ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to tarayya kuke yi da wasu. A nan buɗe ƙofa daga gida ba zai yi amfani ba, kuma akwatinku bai lalace ba. Fayil zai iya saukowa daga masu buɗaɗɗiyar ƙofa, sai dai a hankali. Idan mai fayil ɗin yana cikin gari, ya fi sauƙi ku haɗu ku kwafa ta waya ko ta katin ajiya.

Ku kiyaye

Manhajar BitTorrent tana aika wa wasu abin da kuka sauke, kuma wannan yana cin kuɗin intanet ɗinku. Ku rage yawan abin da take aikawa, ku rufe ta idan kun gama. Kada ku kashe kariyar kwamfuta gaba ɗaya don neman sauri. Ku canza kalmar sirrin da akwatin ya zo da ita. Ku karɓi fayil daga wanda kuka yarda da shi kawai, kuma ku raba abin da mai shi ya ba da izinin a raba.