Bamba, Igiya da Rairayi: Tarihin Fitar da Motar da Ta Kafe a Ƙasar Babura

Duk direban da ya saba bin hanyar da ta tashi daga Kunya, ta ratsa Kanya Babba, ta nufi Babura da Babban Mutum, ya san cewa muddin taya tana kan kwalta hankalinsa a kwance yake. Wahala tana farawa ne daga inda mota ta sauka daga titi ta kama burtalin da zai kai ta ƙauye. Da rani, rairayi ne mai laushi da ke haɗiye taya har cikin motar ya zauna a ƙasa. Da damina kuwa, taɓon fadama ne. Can yamma, wajen Kazaure da Roni, duwatsu da kwazazzabai su ne ke jiran ta. Shi ya sa a yau wasu masu tsofaffin motocin a-kori-kura ke sha'awar ɗaura wa motarsu ƙatuwar bambar ƙarfe, haɗe da injin ja mai naɗe igiyar waya, wanda ake kira winci. Kafin a kashe kuɗi a kansu, yana da kyau a san inda suka fito da kuma irin ƙasar da aka ƙera su dominta.

Gyaɗa ce ta kawo motar kaya wannan yanki. Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma cikin shekara biyu cinikin gyaɗa ya bunƙasa. Reshen da aka ja zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya bi ta Ringim ne, ya bar Babura da Kazaure a gefe. Don haka jakuna da raƙuma suka ci gaba da ɗaukar buhuna, har manyan motoci suka karɓe su sannu a hankali, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Yawancin motocin nan, irin su Bedford, daga baya kuma Mercedes 911, ana shigo da su ne inji da shasi kawai, kafintocin gida su gina musu bodin katako. Ke nan tun farko motar kaya a ƙasar Hausa rabinta aikin masana'anta ce, rabinta aikin masu sana'ar gida.

Idan irin wannan mota ta kafe, ba wata na'ura ake nema ba. Yaron mota ne zai diro da shebur da jak da weji. A rage wa tayoyi iska domin su baje a kan rairayi, a haƙe gabansu, a shimfiɗa kara ko katako, fasinjoji su sauka su sa kafaɗa. In abin ya faskara, a kira mutanen ƙauye mafi kusa a ba su na goro, ko a jira wata mota ta zo ta ja da sarƙa. Masu ratsa Sahara ma da irin wannan dabara suka dogara. Motocin Faransawa da suka riƙa zirga-zirga tsakanin Aljeriya da Damagaram da Kano tun shekarun 1930, da waɗanda suka biyo bayansu, shebur da faifan ƙarfe da ake shimfiɗawa ƙarƙashin taya su ne makamansu. Dalilin a fili yake: injin ja yana bukatar abin da za a ɗaura igiyarsa, fili mai rairayi kuwa ba kasafai yake da shi ba.

Shi winci ya yi suna ne a motocin soja na Yaƙin Duniya na Biyu, inda yake samun ƙarfinsa daga injin motar kai tsaye. Land Rover, wadda ta fito a Ingila a 1948, kuma ta zama motar rangadi ta jami'an mulki da na aikin gona da na dabbobi a Arewa, ana iya sayen ta da irin wannan na'ura a gabanta. A 1959 kamfanin Warn na Amurka ya fito da mai aiki da batir, aka yi shi domin masu shiga dazuzzuka inda bishiya take a kowane taku. Ita kuwa ƙatuwar bamba, Ostiraliya ce ta raine ta, saboda dabbar kangaru da ke faɗo wa motoci da dare a kan dogayen hanyoyi. Kamfanin ARB da ya shahara da ƙera ta an kafa shi a can a 1975. Kowanne daga cikinsu maganin matsalar ƙasarsa ne.

A Najeriya, shekarar 1975 ita ce lokacin da Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, daga baya Steyr ya buɗe a Bauci, Fiat kuma a Kano. Amma tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, sabuwar mota ta fi ƙarfin ɗan kasuwar karkara. Daga nan aka koma ga motocin Kwatano da kuma riƙon tsohuwa har iyakar ranta. Wannan ne ya ɗaukaka mai walda. A Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna, da ƙananan rumfunan walda na garuruwa, aka ƙware wajen lanƙwasa bututun ƙarfe a yi wa mota garkuwa, domin kare fitilu da lagireto daga saniya ko kututture. Ga mai motar da ke nesa da kasuwar kayan gyara, fashewar lagireto tana nufin asarar kwanaki, don haka garkuwar ta biya kuɗinta.

Sai dai bambar da za ta kare fitila daban take da wadda za ta ɗauki winci. Ƙa'idar da masu wannan aiki suka yarda da ita ita ce, ƙarfin jan na'urar ya kai aƙalla ninki ɗaya da rabi na nauyin motar da kayanta. Motar da ke da nauyin tan 3 tana bukatar mai jan kusan tan 4 da rabi, kuma duk wannan ƙarfi a kan hancin shasi yake sauka. Idan shasin tsohuwar mota ya ci tsatsa, ko an taɓa yi masa walda bayan haɗari, bambar na iya tsinkewa ta biyo igiya. Shi ya sa ake ɗaure ta da notuna masu ƙarfi a ramukan shasi na asali, maimakon a liƙa ta da walda kawai. Nauyin da aka ƙara a gaba yana danne sifirin, ya sauya yadda mota ke juyawa da tsayawa. Na'urar kuma tana iya zuƙar amfiya 400 idan ja ya yi tsanani, abin da tsohon batir da siririyar waya ba za su jure ba. Igiyar waya in ta tsinke tana dawowa kamar bulala, ga shi kuma a ƙauye jama'a kan taru ne a kusa da motar da ta kafe.

Akwai kuma hakkin wanda ke wajen motar. An yi gaban motocin zamani ne yadda zai lotsa ya shanye ƙarfin karo. Ƙarfe mai tauri kuwa yana miƙa wannan ƙarfi gaba ɗaya ga jikin wanda aka buge. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta kafa doka a 2005 da ta taƙaita irin bambar da za a iya sayarwa. A hanyoyin Jigawa, waɗanda ke gefen titi su ne masu babur da 'yan makaranta da masu amalanke, kuma ranar kasuwa sun fi motoci yawa. Mai ɗaura ƙarfen ya sayi kariyar motarsa ne da wani kaso na lafiyarsu.

Ko bayan an ɗaura komai daidai, tambayar farko tana nan: ina za a ɗaura igiyar? Gawo ko tsamiyar da ke tsakiyar gona tana da mai ita, kuma waya tana yanke ɓawon bishiya ta kashe ta, a jihar da ke fama da gurgusowar hamada. Dole sai an naɗa mata faffaɗan ɗamara kafin a ja. Inda babu bishiya, abin da ake yi shi ne a haƙa rami mai zurfi, a binne tayar safiya, a ɗaura igiyar a jikinta. Haƙa wannan rami kuwa aikin shebur ne da yaron mota, waɗanda tun zamanin gyaɗa suke fitar da motoci daga rairayin Babura.