Littafin Ayuba da tambayar da ta biyo bayan rushewar Ƙudus



A shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Nebukadnezzar sarkin Babila ya ci birnin Ƙudus da yaƙi, ya ƙone ɗakin ibadar da Annabi Sulaiman (AS) ya gina, ya kwashe manyan gari zuwa Babila. Yahudawa suka wayi gari da tambaya mai nauyi: in Ubangiji mai adalci ne, me ya jawo wannan?

Littattafansu ba su ba da amsa ɗaya ba. Littafin Sarakuna ya ɗora alhakin a kan zunubin al'umma, musamman na sarki Manassa, wanda ya rasu shekaru da dama kafin bala'in. Ezekiyel kuwa, wanda yana cikin waɗanda aka kwashe, ya ce a babi na 18 kowa laifinsa zai ɗauka, ɗa ba ya biyan bashin uba.

Amsar da ta fi jan hankalina tana cikin Littafin Ayuba, mai babi 42. Mu a nan da haƙuri muka san Annabi Ayuba (AS). A nassin Yahudawa ma ya yi haƙurin, amma ya kuma kai kuka, ya nemi a faɗa masa laifinsa. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, suka dage cewa ruwa ba ya tsami banza, lallai akwai abin da ya aikata. Ya ƙi yarda. Da Ubangiji ya yi magana daga cikin guguwa, bai bayyana masa dalilin jarrabawar ba, sai ya jero masa tambayoyi a kan halittar ƙasa da teku da namun daji. Daga ƙarshe abokan nan, masu ganin suna kare adalcin Ubangiji, su aka tsawata wa, kuma Ayuba aka ce ya roƙa musu gafara.

Malaman Yahudawa sun bar waɗannan amsoshi duka a kundi ɗaya, ba su goge ko ɗaya ba. Har hukunci suka ciro daga labarin. Abokan sun zauna kwana bakwai ba su ce uffan ba sai da Ayuba ya fara magana, don haka Talmud, kundin fiƙihunsu, ya koyar cewa mai zuwa ta'aziyya ya yi shiru har sai wanda aka yi wa rasuwa ya buɗe baki.